Maganin Ciwon Daji da Rikicewar Bugun Zuciya

Idan mata biyu ko uku suka taru a kan turmi guda suna lugude, kowace taɓarya tana da lokacin saukarta da lokacin tashinta. Muddin kowace mace ta kiyaye nata lokacin, daka zai tafi daidai. Da zarar ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi jinkiri, sai taɓare su yi karo, tsaba ta watse. Haka aikin zuciya yake. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, wato kimanin sau 100,000 a dare da yini, kuma kowane bugu yana da tsarin da yake bi. Akwai cututtuka da dama da ke ɓata wannan tsari. Akwai kuma magunguna masu yin haka, cikinsu har da waɗanda ake bai wa masu ciwon daji, wato sankara.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 20 ne aka gano suna da cutar a shekarar 2022, sama da 120,000 daga cikinsu a Nijeriya, inda sankarar mama ta fi kowace yawa. Da yawa daga cikin waɗannan mutane za a yi musu magani da sinadarai masu kashe ƙwayoyin daji, wanda likitoci ke kira kemoterafi. Kowa ya san wannan magani da zubar da gashi da sa amai. Abin da ba a cika sani ba shi ne yadda yake taɓa zuciya, alhali gashi yakan sake tsirowa, zuciya kuwa idan ta tsaya na 'yan mintoci shi ke nan.

Yadda zuciya ke tsara bugunta

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɗakunan sama suna karɓar jini su miƙa wa na ƙasa, su kuma na ƙasa su tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Ba ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin kowane bugu ba. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli na ƙwayoyin halitta na musamman da ke haifar da ɗan ƙaramin lantarki da kansa. Arthur Keith da Martin Flack ne suka bayyana shi a Ingila a shekarar 1907, a lokacin Flack yana ɗalibin likitanci. Wannan ƙulli shi ne makaɗin zuciya. Lantarkin da ya saki yakan bazu a ɗakunan sama su tsuke, sa'an nan ya isa wani ƙulli na biyu da ke tsakanin sama da ƙasa, wanda wani masani ɗan Japan mai suna Sunao Tawara ya bayyana a 1906. A nan saƙon yakan dakata na kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan, domin ɗakunan ƙasa su gama cika. Daga nan ya gangara ta wasu zarurruka masu saurin isar da saƙo, ɗakunan ƙasa su tsuke gaba ɗaya.

To, ina lantarkin yake fitowa? Daga gishiri. Ruwan jikin ɗan Adam yana ɗauke da sinadaran sodiyam da fotasiyam da kalsiyam da magniziyam, kowanne da cajinsa na lantarki. Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana kewaye da tantani mai ƙofofi, kamar gari mai ganuwa, kuma kowace ƙofa sinadari ɗaya take bari ya wuce. A lokacin hutu, cajin cikin ƙwayar yana ƙasa da na wajenta da kimanin milibolt 90. Idan saƙo ya iso, ƙofofin sodiyam ne ke fara buɗewa, sodiyam ya kwararo ciki, caji ya juye. Sai kalsiyam ya biyo baya, shi ne ke sa tsokar ta tsuke. A ƙarshe ƙofofin fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fita, ƙwayar ta koma halinta na farko, ta shirya wa bugu na gaba. Duk wannan yana ƙarewa cikin kimanin sulusin sakan. Duk abin da ya toshe ɗaya daga cikin ƙofofin nan, ko ya sauya yawan gishirin da ke cikin jini, ko ya bar tabo a kan hanyar da saƙon ke bi, to zai iya rikita bugun. Magungunan daji suna iya yin dukkan ukun.

Ana ganin wannan lantarki a takarda ta hanyar na'urar zana bugun zuciya, wadda aka fi sani da ECG. Willem Einthoven na birnin Leiden a ƙasar Holan ne ya kyautata ta a farkon ƙarni na ashirin, ya sami kyautar Nobel a 1924. Na'urarsa ta kai nauyin kilo 270, sai majiyyaci ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri kafin a auna shi. Ta yau ana iya ɗaukarta da hannu ɗaya. Einthoven ne ya sa wa tudu da kwarin zanen haruffan P, Q, R, S da T, har yau kuma su ake amfani da su. P tana nuna motsin ɗakunan sama, QRS motsin ɗakunan ƙasa, T kuwa komawarsu hutu. Tazarar da ke tsakanin farkon Q da ƙarshen T, wadda ake kira tazarar QT, ita ce lokacin da ɗakunan ƙasa ke ɗauka su tsuke su kuma sake shiri. Bayan an daidaita lissafinta da saurin bugun, ba a son ta wuce milisakan 450 ga namiji ko 460 ga mace. Idan ta haura 500, an shiga haɗari.

Rikicewar bugu iri-iri ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Wani lokaci zuciya takan yi bugu guda kafin lokacinsa, mutum ya ji kamar gabansa ya faɗi. Wannan yakan faru har ga masu lafiya. Wani lokaci takan yi nawa ƙwarai, musamman idan saƙo ya kasa ratsa ƙulli na biyu. Akwai kuma makyarkyatar ɗakunan sama, inda maimakon su tsuke sai su yi ta rawa da ɗaruruwan saƙonni marasa tsari a minti, jini ya kwanta a cikinsu ya yi guda. Idan gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai a sami shanyewar ɓarin jiki. Wannan matsala tana ninka haɗarin shanyewar kusan sau biyar. Mafi muni duka ita ce rikicewar da ta taso daga ɗakunan ƙasa, domin su ne ke tura jini. Idan suka rikice, mutum yakan suma cikin 'yan sakanni.

Jan magani daga ƙasar Italiya

Cikin magungunan daji babu wanda aka fi sanin illarsa ga zuciya kamar doksorubisin. Asalin danginsa wata ƙwayar halitta ce da masu bincike na kamfanin Farmitalia suka samo a cikin ƙasar da aka ɗebo a kudancin Italiya. Daga gare ta aka fara samun daunorubisin, sa'an nan doksorubisin a ƙarshen shekarun 1960, aka sa masa sunan kasuwa Adriamycin saboda tekun da ke gabashin Italiya. Ruwansa ja ne wur, har fitsarin majiyyaci yakan yi ja na kwana ɗaya ko biyu bayan an sa masa, abin da ke tsorata wanda ba a gaya wa ba tun farko. Ana amfani da shi wajen sankarar mama, da ta ƙullutun jiki, da wasu ire-iren sankarar yara. Yana da ƙarfi, yana da sauƙin kuɗi idan aka gwada da sababbin magunguna, don haka har yau ba a rabu da shi ba, a ƙasashe masu arziki da marasa shi.

Illarsa ga zuciya hawa biyu ce. Ta farko tana zuwa cikin sa'o'i ko kwanaki bayan an sa maganin: zuciya ta yi sauri, ko ta riƙa yin bugun da bai kai lokaci ba, ko zanen ECG ya sauya. Galibi wannan yakan wuce da kansa. Ta biyu ita ce abin tsoro, domin a ɓoye take taruwa. Maganin yana haɗuwa da sinadarin ƙarfe a cikin ƙwayoyin zuciya ya haifar da wasu ɓarɓashin iskar oksijin masu ƙona abin da suka taɓa, zuciya kuwa ba ta da isassun sinadaran kare kai daga irin wannan ƙuna kamar yadda hanta ke da su. A shekarar 2012 kuma masu bincike a Amurka suka nuna cewa maganin yana kama wani sinadari mai warware zaren gado a cikin ƙwayoyin zuciya, ɗan uwan wanda yake kamawa a ƙwayoyin daji. Ƙwayar zuciya idan ta mutu da wuya a maye gurbinta. Tabo ne ke zama a wurin. Tabo ba ya tsukewa, ba ya kuma isar da lantarki. Saƙon da ya iso gare shi sai ya kewaye, wani lokaci ya yi ta zagayawa a wuri ɗaya yana tayar da bugu a kan bugu. Shi ya sa wanda aka yi wa magani yana yaro zai iya fuskantar rikicewar bugu ko gazawar zuciya bayan shekara ashirin ko fiye.

Haɗarin yana tafiya ne da jimillar abin da mutum ya karɓa a tsawon rayuwarsa. Ana lissafa maganin da miligiram a kan kowane murabba'in mita na faɗin fatar jiki. Wani babban nazari na 1979 ya nuna cewa kashi 7 cikin 100 na waɗanda jimillarsu ta kai 550 sun sami gazawar zuciya. Da aka sake duba lamarin da kyau a 2003, sai aka ga adadin ya kai kashi 26 cikin 100 a wannan mataki, da kashi 5 cikin 100 a matakin 400. Saboda haka likitoci ba sa son jimillar ta wuce 450 zuwa 550. Mace mai sankarar mama da aka ba miligiram 60 sau huɗu ta karɓi 240 ke nan. Wannan lamba ba ta gogewa. Idan cutar ta dawo bayan shekara biyar ta je wani asibiti, daga 240 za a ci gaba da ƙirga, in har akwai wanda ya san an kai nan. Takardar da aka rubuta sunan magani da adadinsa ta cancanci a adana ta kamar takardar gida.

Sauran tsofaffin magungunan nasu salon daban ne. Fulorourasil, wanda Charles Heidelberger ya haɗa a 1957 kuma ake yawan ba masu sankarar hanji, yakan sa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya su tsuke farat ɗaya. Majiyyaci ya ji ciwon ƙirji, yawanci a kwana biyu ko uku na farkon zagaye na farko, tsokar da ta rasa jini kuma ta fara bugu ba tsari. Dole a tsayar da maganin nan take. Faklitaksel, wanda aka samo daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka aka kuma amince da shi a 1992, yakan rage saurin zuciya. A gwaje-gwajen farko an ga haka a kusan kashi 30 cikin 100 na majiyyata, amma akasarinsu ba su ma ji komai ba.

Guba da ta zama magani

Labarin asanik ya fi bayyana tsaka mai wuyar da likita ke shiga. Asanik guba ce da aka sani tun zamanin da. A farkon shekarun 1970 likitoci a birnin Harbin na ƙasar Sin, cikinsu har da Zhang Tingdong, suka lura cewa wani haɗin gargajiya mai ɗauke da ita yana taimaka wa masu wani nau'in sankarar jini mai saurin kisa, wanda ake taƙaita sunansa da APL. Aka tace sinadarin, aka gwada shi, Amurka ta amince da shi a shekarar 2000. Wani gwaji da aka yi a Italiya da Jamus, aka buga sakamakonsa a 2013, ya nuna cewa idan aka haɗa asanik da wani magani dangin bitamin A, kashi 97 cikin 100 na majiyyatan da cutarsu ba ta yi tsanani ba suna nan lafiya bayan shekara biyu, a kan kashi 86 na waɗanda aka ba tsohon haɗi. Cutar da a da take kashe mutum cikin makonni ta zama wadda ake warkewa daga gare ta.

Sai dai asanik tana tsawaita tazarar QT. Cikin ƙofofin fotasiyam akwai wata da masana ke kira hERG, wadda masu bincike a Jami'ar Utah suka gano muhimmancinta a 1995. Ita ce babbar hanyar da ƙwayar zuciya ke bi ta koma hutu. Cikinta yana da faɗi, shi ya sa magunguna iri-iri ke shiga su maƙale a ciki. Asanik kuwa hana ƙwayar kai sababbin ƙofofin zuwa ganuwa take yi, sai yawansu ya ragu a hankali. Idan fotasiyam ya kasa fita da wuri, ƙwayar takan daɗe ba ta gama shiri ba, kuma a wannan tsakanin wani bugu na iya faɗowa kafin lokaci. Abin da ke biyo baya shi ne murɗaɗɗen bugu, wanda likitan Faransa François Dessertenne ya bayyana a 1966, ake kiransa torsad saboda yadda zanensa ke murɗewa kamar igiya. Zuciya takan yi gudu fiye da sau 200 a minti ba tare da tura jinin kirki ba. Wani lokaci yakan tsaya da kansa bayan 'yan sakanni, mutum ya farfaɗo daga suma. Wani lokaci kuma ya zarce zuwa mutuwa.

A gwajin da aka yi wa mutum 40 a Amurka kafin amincewa da maganin, 16 daga cikinsu tazarar ta haura 500 aƙalla sau ɗaya, mutum ɗaya ya sami murɗaɗɗen bugu. Ba a jefar da maganin ba saboda haka, tsari aka kafa masa. Ana yin ECG kafin a fara, ana maimaitawa kowane mako. Ana auna gishirin jini aƙalla sau biyu a mako a zangon farko, a tabbata fotasiyam bai sauka ƙasa da 4 ba. Idan tazarar ta wuce 500 a dakata, a gyara abin da ya ɓaci, sa'an nan a ci gaba.

Idan abubuwa suka taru

Sau da yawa ba maganin daji kaɗai ke jawo matsalar ba. Ciwon kansa yana kawo ƙarancin jini da zazzaɓi da zogi, duk suna sa zuciya gudu. Yawancin masu cutar kuma sun manyanta, wasu da hawan jini ko ciwon sukari. Amma abin da ya fi yawan faruwa, ya kuma fi sauƙin kaucewa, shi ne taruwar ƙananan dalilai a kan mutum ɗaya.

A ɗauka ga wata mata mai sankarar bakin mahaifa da ake ba sisfilatin. Wannan magani yana raunana ƙoda har ta riƙa zubar da magniziyam cikin fitsari, idan magniziyam ya yi ƙasa kuma fotasiyam yakan bi shi. Yana kuma sa amai mai tsanani, wanda ke ƙara zubar da gishirin jiki, balle a zafin bazara. Don tsayar da aman aka ba ta ondansetiron, magani mai kyau, amma shi ma yana taɓa ƙofar hERG. Saboda haka ne a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba da miligiram 32 ta jijiya a lokaci guda, ta tsayar da iyaka a 16. Bayan kwana huɗu matar ta ji zazzaɓi, aka aiki yaro kantin magani ya sayo maganin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Kwinin da kulorokwin suna tsawaita QT. Halofantirin ya fi su, tun 1993 aka ba da rahoton mutuwar farat ɗaya a kansa. Eritiromaisin da sifurofuloksasin da fulukonazol su ma suna cikin jerin. Ga shi kuma mata sun fi maza saurin kamuwa da murɗaɗɗen bugu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kayar da ita shi kaɗai. Haɗuwarsu ce za ta iya sa a wayi gari a ce ta faɗi a tsakar gida, kowa ya ɗauka dajin ne ya ci ƙarfinta. Zazzaɓi ga mai shan maganin daji ma a kan kansa abin komawa asibiti ne a ranar, domin garkuwar jikinsa a raunane take.

Wani abin lura game da kanwa: sunan da ake kiranta da shi a Turancin kasuwa yana sa wasu su zaci fotasiyam ce. Mafi yawan abin da ke cikinta gishirin sodiyam ne. Wanda aka ce fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa ba zai gyara shi da kunun kanwa ba, sai dai ya ƙara wa zuciya nauyin ruwa. Haka kuma gazawar zuciya ta masu jego ta yawaita a ƙasar Hausa, kamar yadda binciken likitoci a Zariya ya nuna tun shekarun 1970. Matar da ta taɓa yin kumburi da haki bayan haihuwa, ko da ta warke, wajibi ne likita ya san wannan kafin ya rubuta mata jan magani.

Yawan fotasiyam shi ma haɗari ne, kuma a nan nasarar maganin ce ke jawo shi. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, wadda ta yawaita a yankunan Afirka masu zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya. Ƙwayoyinta suna iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, suna kuma saurin mutuwa idan magani ya taɓa su. Miliyoyin ƙwayoyi su fashe a lokaci guda, fotasiyam ɗin da ke cikinsu ya malalo cikin jini tare da wasu sinadarai masu toshe ƙoda. Ma'aunin fotasiyam a jinin mai lafiya tsakanin 3.5 da 5 yake. Idan ya haura 6, T takan yi tsini a zanen ECG, in ya ci gaba zuciya ta tsaya. Wannan yakan faru ne tsakanin sa'a 12 zuwa 72 da fara magani, daidai lokacin da iyaye ke murnar ganin kumburi yana sacewa. Rigakafinsa ƙarin ruwa mai yawa ne tun kafin a fara, da alofurinol, da somawa da ƙaramin adadin magani, da auna jini akai-akai. Akwai wani magani mai ƙarfi, rasburikes, amma yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, ƙarancin da ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma, don haka sai an gwada kafin a ba da shi.

Sababbin magunguna

An yi fatan magungunan da aka ƙera domin su nufi ƙwayar daji kai tsaye za su ƙyale zuciya. Ba haka abin ya kasance ba. Ibrutinib, ƙwayar da aka amince da ita a 2013 domin wasu ire-iren sankarar jini, tana jawo makyarkyatar ɗakunan sama, tana kuma sa jini ya yi wuyar tsayawa. Likita sai ya rasa tudun dafawa: majiyyaci yana bukatar maganin tsinka jini don kare shi daga shanyewar jiki, maganin dajinsa kuma ya riga ya sa shi cikin haɗarin zubar jini. A wani gwaji da aka buga a 2021, kashi 16 cikin 100 na masu shan ibrutinib sun sami wannan rikicewa, a kan kashi 9.4 na masu shan akalabrutinib, wanda aka ƙera daga baya. Magungunan da ke sakin garkuwar jiki ta yaƙi daji, waɗanda James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a kan tushensu a 2018, wani lokaci sukan sa garkuwar ta juya kan tsokar zuciya. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ke samun wannan, yawanci a watanni uku na farko, amma kaso mai yawa na waɗanda ya kama ba sa tashi, domin yakan yanke hanyar saƙo tsakanin sama da ƙasa.

Yawan waɗannan matsaloli ne ya haifar da wani sabon reshe na likitanci da ya haɗa masana zuciya da masana daji, har Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta fitar da cikakken kundin ƙa'idojinta na farko a kansa a 2022.

Kafin magani da lokacinsa

Abin da ake bukata tun farko ba mai tsada ba ne idan aka gwada da kuɗin maganin kansa: tambayar tarihin majiyyaci, awon hawan jini, ECG guda, awon gishirin jini da aikin ƙoda, da hoton zuciya na sauti ga wanda za a ba doksorubisin. Abin takaici ne a ce iyali sun sayar da gona sun sayi magani, sa'an nan a tsallake awon da bai kai kuɗin kwalba ɗaya ba. Ga wanda jimillarsa za ta yi yawa akwai deksrazoksen, mai kare zuciya, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995. Idan rikicewar ta riga ta auku, akwai abin yi: magniziyam ta jijiya ga murɗaɗɗen bugu, kalsiyam da insulin da sukari ko wankin ƙoda ga yawan fotasiyam, girgiza zuciya da na'urar lantarki idan ɗakunan ƙasa sun rikice, da ɗan batirin da ake dasawa ƙarƙashin fata idan bugu ya yi nawa ƙwarai. Ba kasafai ake daina maganin dajin gaba ɗaya ba. Akan dakata, ko a rage, ko a sauya wani. Majiyyacin da ya ji tsoro ya daina zuwa asibiti da kansa ya bar wa dajin fili ne, shi kuwa dajin ba ya jira.

Alamomin da ke bukatar gaggawa su ne suma ko jiri mai tsanani, ciwon ƙirji, haki ba tare da aikin wahala ba, kumburin ƙafafu, bugun da ya yi gudu ko ya rasa tsari ya ƙi lafawa, da amai ko gudawa da suka wuce yini guda. Ɗalibin da ke da majiyyaci a gida zai iya koyon jin bugu. A ɗora yatsa manuniya da na tsakiya a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, bayan majiyyacin ya zauna ya huta na minti biyar. Ba a amfani da babban yatsa, domin yana da nasa bugun. A ƙirga na cikakken minti ɗaya da agogo, a kuma lura ko tazarar da ke tsakanin bugu da bugu daidai take ko tana tsalle. A rubuta adadin da kwanan wata a littafi guda, tare da sunan duk abin da majiyyacin ya sha a ranar, na asibiti da na kanti da na gargajiya, a tafi da littafin ranar ganin likita. Idan adadin ya yi ƙasa da 50 ko ya haura 120 alhali mutum yana zaune, ba a jiran ranar.